Sulken Jarmai Damisa

Bayan rigar baƙon Tasalla ta fara lura da shi. Babu iska a zauren, amma rigar tana kaɗawa hagu da dama daga ƙugu zuwa ƙasa, kamar akwai wani abu mai rai a ciki. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da zura zare a allura.

Baƙon gajere ne, ya ja amawali har saman hanci. Ya yi sallama da wata siririyar murya, ya wuce Tasalla da ke bakin ƙofa kamar bai gan ta ba, ya ce, "Wace ce Yalwa mai allura?"

Tasalla ta saba da wannan tambayar. Ita ce babba. Ita ta koya wa Yalwa riƙon allura a wannan zauren da babansu ya bar musu, ita ta tsotse mata jini ranar da ta fara soke yatsa. Amma tun da hannun Yalwa ya faɗa, duk mai yadi sunan ƙanwar yake kira.

Yalwa ta ce, "Ga ni, Malam. Me za a ɗinka?"

Baƙon ya sauke amawali. Sai ga dogon baki mai gashi da jiƙaƙƙen hanci. Yalwa ta yi salati ta faɗa jikin yayarta.

"Kada ki firgita, 'yar Adam," in ji shi. "Ni ne Dila, manzon Magajiya ta Birnin Jela. Labarin hannunki ya iso mana. Muna bukatar sulke."

"Ba za ta je ko'ina ita kaɗai ba," in ji Tasalla.

Dila ya dube ta a karo na farko. "To, ki ɗauko mata ƙunshin kayanta."

Ya kai su bayan gari, gaban wani tsohon suri. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, surin ya tsage gida biyu, suka shiga. Da suka fito ta ɗaya gefen sai suka ga rana ta zama koriya, ga wani daji na ƙaya iya ganin ido.

Dila ya ce, "Kowace ƙaya a nan tana karɓar zare. In ta kama ku, kada ku fizge."

Ba su yi nisa ba wata ta kama gefen zanen Yalwa. Tsoro ya sa ta fizga da gudu, zanen ya fara warwarewa, ƙayar tana nannaɗe zaren tana cewa, "Nawa ne, nawa ne." Dila ya yi ihu cewa in zane ya ƙare fata za ta bi. Tasalla ta jefar da ƙunshin, ta durƙusa, ta datse zaren da haƙori, ta ƙulle bakin. Ƙayar ta yi shiru.

Yalwa tana haki ta ce, "Sannu, Yaya." Dila kuwa cewa ya yi, "Madalla da mai allura ba ta ji rauni a hannu ba."

Daga nan suka iso wani kogi mai gudu sama, daga kwari zuwa tudu. A bakinsa wani Kada yana zaune a kan kujera da hula a ka. Ya ɗaga hanci, ya shaƙi iska, idanunsa suka kaɗa.

"Wa ya zo mana da gawa?"

"Ranka ya daɗe, babu gawa tare da mu," in ji Yalwa.

"Kuna takawa a kan bayan ɗan akuya. Allurarku tana kwance a cikin tunkiya. Ko kun tambayi sunayensu?"

Sai a lokacin suka dubi takalmansu da 'yar jakar allurarsu. Kada ya sa suka haƙa rami da hannu, suka binne duk wani abu na fata, ya yi wa mamatan addu'a da harshen da ba su sani ba. Sa'annan ya kwanta a ruwa suka hau bayansa, ya haurar da su ƙafa ba takalmi.

Birnin Jela ya sa Tasalla ta manta da ƙunshin da ke kanta. Kowa a tsaye yake da ƙafa biyu, kowa da sutura. Wandunansu an tsaga su ta baya an daje bakin tsagar da jan zare domin jela. Babu maɓalli ko ɗaya, domin kofato ba ya iya ɓalle shi, sai manyan ƙulli da 'yan turaku na itace. Matan barewa suna ɗaura kallabi mai huda biyu, ƙahonni a waje an shafe su da lalle. Raƙumin dawa ya naɗe wuyansa da saƙi mai tsawon da zai yi wa gida guda zannuwa. Dorina tana tafe da jiƙaƙƙen mayafi, baiwa na biye tana zuba masa ruwa. Kunkuru bai sa komai ba sai wani ƙyalle mai aiki da aka shimfiɗa masa a baya, yana tafe yana jin kansa.

A tsakiyar kasuwa wani ɗan gada ya yi tuntuɓe ya dafa ƙasa da hannu biyu. Nan take kasuwar ta ɗauke wuta, kowa ya kau da kai. Uwar ta fizge shi tsaye, ta kai masa duka tana cewa, "A gaban mutane? A gaban mutane?"

Tasalla ta tambayi Dila me ya faru. Ya ce, "Ban ga komai ba."

Magajiya tsohuwar ɓauna ce, an yi wa ƙahonninta kube na azurfa. Ta yi magana a hankali.

"Ya ke Yalwa, ki sani muna da idon ruwa guda ɗaya. Duk sa'ad da ruwa ya ja baya, aljanin dutse mai suna Gurmutsu yakan sauko ya nemi karo da Jarmanmu. In aljanin ya kashe shi a filin karo, ruwan nasa ne. Faratansa suna yanka ƙarfe. Jarman da ya gabata ya kore shi ya tsira da ruwan, amma raunin da ya samu ya ci ransa daga baya. Ga sabon Jarmai."

Wani damisa ya tako, dogo, mai faɗin ƙirji, ya rusuna.

"Za ki ɗinke masa zoben ƙarfe tsakanin lifidi biyu na auduga, da irin ƙananan ɗinkin da hannunmu ba ya iyawa. Amma ki ji al'adarmu. Mai sulke da gashin kanta take rufe ɗinkin ƙarshe. Duk abin da ya ratsa sulken ya shiga jikin Jarmai, rabinsa zai fito a jikinki. In ya faɗi, kin faɗi. In ya rayu, ke ce Uwar Sulke, za ki zauna a damana, kuma ba za ki bar birnin nan ba muddin yana numfashi. Kin yarda?"

Tasalla ta taɓa gwiwar ƙanwarta. Yalwa ba ta waiwayo ba. Idonta yana kan kujerar da ke dama da Magajiya.

"Na yarda, ranki ya daɗe. Ɗinkina bai taɓa ɓarkewa ba."

"Wannan fa?" in ji Magajiya, ta nuna Tasalla da haɓa.

"Yayata ce. Tana taya ni."

Aka tura Tasalla ɗakin shiɓar auduga. Ta ƙofar ɗakin tana hango Jarmai tsaye ƙiƙam, hannuwa a ware, Yalwa tana zagaya shi da igiyar awo, fadawa suna yaba yadda take tafiyar da yatsunta.

A ɗakin akwai wata tsohuwar beguwa mai ɗingishi. Ita ce Uwar Sulke ta da. Ɗingishin rabonta ne daga raunin da ya kashe tsohon Jarmai. A kusurwa tsofaffin sulkunanta suna jibge, ba mai dubansu. Tasalla ta ɗaga ɗaya don ta sami wurin zama, sai ta tsaya tana juya shi. Hannuwan rigar ba a gefe aka dasa su ba, gaba suke kallo. Ƙirjin ba shi da kauri. Duk kaurin yana baya da ƙeya.

"Iya, wannan an juya shi ne?"

Beguwa ta ce, "Shiɓi audugarki."

Washegari Tasalla ta je ɗibar ruwa ta bayan ganuwa. Ta ji gurnani, ta leƙa ta wata tsaga. Jarmai ne shi kaɗai, ya tuɓe riga, ya sauka a kan ƙafa huɗu. Kafaɗunsa sun dawo gaba, bayansa ya miƙe, ƙirjinsa yana shafar ƙasa. Ya yi tsalle ɗaya ya kakkarya wani kututture. Da ya gama ya miƙe, ya dudduba, ya mayar da rigarsa.

Ta dawo da tulu ba ruwa. Ta ce wa Beguwa, "Da huɗu yake faɗa."

Ƙayoyin tsohuwar suka miƙe. "Rufe bakinki! Ba a faɗin wannan a birnin nan. Ko uwar da ta haife shi ba za ta faɗa ba."

"Amma Yalwa a tsaye ta auna shi. Idan ya sauka, hammatar za ta ɗaure shi, kuma bayansa a buɗe yake. Ke kin sani. Me ya sa ba ki gaya mata ba?"

Beguwa ta yi wata 'yar dariya. "Dube ni da kyau, 'yar Adam. Tun ina yarinya nake yi wa birnin nan sutura, ban taɓa sa ko ɗankwali ba, jikina yaga shi yake yi. Na ba su ƙafata. Ranar da ƙanwarki ta shigo, ko sannu ba a ce mini ba, aka kwashe kayana aka zuba a nan. Ni zan gaya mata? Ke ce yayarta. Ke bakinki ba a ɗaure yake ba."

Tasalla ta tashi ta nufi rumfar ɗinki. Ta tarar da Yalwa a kan darduma, matan fada sun kewaye ta, wata jimina tana yi mata fifita. An ba ta sabon zane mai ruwan zinariya.

"Yalwa, zo ki ji."

"Yaya, dama ina nemanki. Audugar jiya duk gudaji ce, ki sake shiɓe ta." Ta juya ga matan tana murmushi. "Haka take tun a gida, hannunta da nauyi."

Matan suka yi dariya. Tasalla ta ɗauki kwandon audugar ta fita. Ta ce a ranta gobe ta faɗa mata.

Gobe ta yi, ba ta faɗa ba. Kullum takan kawo auduga, ta tsaya tana kallon sulken yana girma. Ɗinkin ya yi kyau, ba ta taɓa ganin irinsa ba, ƙanana kamar ƙwayar gero, a jere. Kuma duk a banza. Wannan tunanin yakan sa ta ji wani sanyi a ƙirji, mai daɗi, sai kuma ta ji kunyar kanta ta yi istigfari.

Wata safiya babu kowa a rumfar. Yalwa ta ɗaga sulken, muryarta ta koma irin ta yarinta.

"Yaya, tsoro nake ji. Dubi nan da kyau. Kin ga wani gyara?"

Tasalla ta shafa ƙirjin mai kauri. Ta shafa bayan mai laushi. Maganar ta zo har bakinta. Sai idonta ya faɗa kan zanen zinariyar.

"Ya yi kyau," ta ce.

Ranar karo ta zo. An sa za a yi da la'asar. Da safe Yalwa ta tsinko gashi daga kitsonta ta rufe ɗinkin wuya da shi a gaban Magajiya, aka yi guɗa. Da rana ta take, duk birnin ya kwanta barci kamar yadda suka saba, har masu gadin ƙofa.

Tasalla ta kasa zama. Ta ga Yalwa a cikin ranta, kwance, bayanta a tsage daga wuya zuwa ƙugu. Ta tashi ta shiga rumfar. Sulken yana rataye. Yalwa tana barci a gefe, yatsunta duk sun kumbura.

Ta sauke shi ta fara farkewa. Ta cire hannuwan ta dasa su suna kallon gaba, ta ƙara ƙyalle a hammata. Ta kwashe zoben ƙirji ta mayar da su baya da ƙeya. Ɗinkinta manya ne, ba su kama ƙafar na Yalwa ba, amma suna da ƙarfi. Gumi yana zuba mata a ido, ba ta tsaya sharewa ba. Da ta zo wuya, dole ta yanke gashin da aka rufe da shi.

Saura ɗinki ɗaya. Ta dubi ƙanwarta. Kallabin ya zame, bakin kitso yana kwance a kan tabarma, kusa da hannun Tasalla. Gashi ɗaya kawai za ta tsinka, Yalwa ba za ta ko motsa ba, aikin ya zauna a matsayin na ƙanwar. Sulken yanzu zai tsare Jarmai, abin da zai ratsa kaɗan ne.

Ta daɗe tana kallon kitson. Sa'annan ta kai hannu kan nata kitson. Ta gaya wa zuciyarta don kada yarinyar ta ji ciwo ne. Zuciyar ba ta amsa ba. Ta zura gashinta a allura ta rufe ɗinkin.

Da la'asar Beguwa ce ta sa wa Jarmai sulken a ɗaki, domin ita ta san ƙullin. Ta fito ta dubi Tasalla da gefen ido.

Duk birnin ya taru a bakin idon ruwa. Dutsen da ke gabas ya tsage, Gurmutsu ya fito. Kansa kamar turmi, jikinsa tsakuwa, faratansa suna jan ƙasa suna fitar da wuta.

"Ya ku masu jela," ya ce, muryarsa tana girgiza ruwan, "wa kuka kawo mini bana in buɗe?"

"Ni ne," in ji Jarmai. "Koma raminka, ko in mayar da kai guntu-guntu."

Suka haɗu. Da farko Jarmai a tsaye yake, da mashi. Gurmutsu ya karya mashin kamar kara. Jarmai ya ja da baya, ya yi gurnani, kunnuwansa suka kwanta. Nan take Magajiya ta juya baya. Fadawa suka juya, mata da yara suka juya, dubban jela suna kallon fili. Ba wanda ya rage yana kallo sai 'yan Adam biyu.

Jarmai ya sauka a kan huɗu.

Yalwa ta dafe baki. Ta ga kafaɗun sun dawo gaba, ta ga rigar ta bi su ba ta ɗaure ba. Ta ga faratan aljanin sun sauka a bayan damisa, a daidai inda ta san auduga ce kawai ta sa, sai aka ji ƙarar ƙarfe. Ta runtse ido tana jiran zafi. Jarmai ya shige ƙarƙashin Gurmutsu, farce ɗaya ya same shi a haƙarƙari, inda ɗinkin ya yi faɗi. Yalwa ta shafa nata haƙarƙarin, ba komai. A gefenta Tasalla ta yi nishi ta durƙushe, jini yana ratso rigarta.

Jarmai ya kama maƙogwaron aljanin, ya girgiza. Gurmutsu ya rushe ya zama tarin duwatsu. Damisa ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya yi gyaran murya. Sai birnin ya juyo da guɗa.

Magajiya ta ɗaga hannu. "A kawo Yalwa ta zauna a damana."

"Ranki ya daɗe," in ji Jarmai, yana dafe da gefensa, "tun da aka sa mini rigar nan hancina yake kan wuyanta. Gashin da ke ciki ba na wannan ba ne. Na waccan ne, mai jini."

Kada ya matso ya sansana, ya gyaɗa kai. Dila ma haka.

"Yaya sunanki, 'yar Adam?" in ji Magajiya.

"Tasalla."

"Tasalla, Uwar Sulke!"

Birnin ya ɗauka. Sunanta ya tashi daga bakin dubbai, ya bugi dutse ya dawo. Duk da zafin raunin, ta ji daɗinsa har cikin ƙashi, daidai yadda ta daɗe tana zato. Aka ɗauke ta aka ɗora a kujerar. Jimina ta zo da mafici.

Yalwa ta kutsa cikin taron. Ta durƙusa a gabanta, ta yage gefen zanen zinariyar, ta fara ɗaure mata haƙarƙari. Hawaye na zuba a fuskarta.

"Kin ceci raina, Yaya. Da yanzu na mutu. Allah ne ya nuna miki yau?" Ta ja ƙyallen ta zagayo da shi. "Yaushe kika gane?"



Beguwa tana tsaye a bayan kujerar. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Tun ba ki yanka ƙyallen farko ba, yarinya."

Hannun Yalwa ya tsaya. Ta ɗago ta dubi yayarta, tana jira ta ƙaryata. Tasalla ta dubi ƙasa.

"Yalwa," ta ce, "na so in..."

Makaɗa suka saki ganga, maganar ta nutse. Yalwa ta sunkuya ta ƙarasa ɗaurin. Ta yi ƙullin a hankali, ta tura bakinsa ciki don kada ya dame ta, ta sa yatsa ta gwada ko ya matse. Sa'annan ta miƙe. Matan fada suka turo da faya-fayan kayan ado suna rige-rigen taɓa sabuwar Uwar Sulke, suka shiga tsakaninsu. Tasalla ta yunƙura za ta tashi, Magajiya ta ɗora mata kofato a kafaɗa.

Ta saman ƙahonni da kunnuwa ta hango ƙanwarta tana ratsa taron, ba ta sauri, ba ta waiwaye, har ta kai ƙofar birni ta fita.